Kwarko: ganyensa magani, 'ya'yansa guba

Da damina ta kankama, masassarar cizon sauro kan hana mata da yawa fitowa kasuwa. Lokacin ne ake tunawa da kwarko, ko haƙorin kada, hakin nan mai ƙaya da fure rawaya.

A ƙauyen Misidugu na jihar Sikaso, a Mali, likitoci sun gwada dafaffen ganyensa, suka ga yana taimakon manya in masassarar ba ta yi tsanani ba. Amma baƙaƙen 'ya'yansa guba ne: a 1998, man girki da aka gauraya da mansu ya kashe mutum fiye da 60 a Delhi ta Indiya.

Don haka 'yan uwa mata, a tsince 'ya'yan tas kafin a dafa. Ƙaramin yaro da mai ciki kuwa, a kai su likita tun ranar farko.