Zumunta A Ƙafa Take: Magana Ga Iyayenmu Mata

Maganarmu ta yau ta iyayenmu mata ce, waɗanda suka ba shekara 45 baya, har zuwa kakanninmu masu furfura. Amma maigida, kada ka tashi ka fita. Samari da 'yan mata, ku ma ku matso kusa, gama akwai rabonku a ciki.

Masu iya magana sun ce zumunta a ƙafa take. Abin da muke so mu nuna a yau ke nan. Macen da ta manyanta tana bukatar ƙawaye kamar yadda take bukatar abinci da magani. Ƙawance kuwa ba ya daɗewa sai ana tashi ana zuwa, ana ganin juna ido da ido.

Sa'ad da gida ya yi shiru

Bari mu duba yadda rayuwar mace take tafiya a yawancin gidajenmu. Tun daga aure har shekara 25 ko 30, ba ta da lokacin zama. Ga goyo, ga gona, ga girki, ga kasuwa. Duk da wannan wahala, ba ta rasa abokan hira ba, domin aikin ne yake haɗa ta da mata 'yan'uwanta, a rafi, a wurin niƙa, a gayyar girbin acca ko dawa.

Sa'an nan sai abubuwa su sāke. Yara sun girma, sun tafi Abuja, Kaduna, Legas ko Fatakwal. Wataƙila maigida ya riga mu gidan gaskiya. Ƙawayen ƙuruciya aure ya kai su nesa, waɗansu kuma rikici ya kore su daga ƙauyukansu. Gwiwa ta soma ciwo. Gidan da dā ba a jin maganar juna saboda hayaniyar yara, yanzu kukan kaji kaɗai ake ji.

Akwai kuma wani irin shiru wanda ba mu cika lura da shi ba. Ɗa ko 'ya sun sami haihuwa a birni, sai a aika Mama ta zo ta kula da mai jego. Ta zo da murna. Amma gidan a bene yake, ƙofa kullum a kulle. Masu gida suna fita da asuba, ba su dawowa sai dare. Jikoki Turanci kaɗai suke ji. Ita kuwa da aka haifa cikin Berom, ko Tarok, ko Tangale, ko Bura, ko Jju, sai ta yi wata uku ba ta sami wanda za ta yi dariya da shi cikin harshenta ba. Abinci yana da yawa, amma tana ramewa. 'Ya'yanta su ce, "Me Mama ta rasa a gidan nan?" Ta rasa mutane. Sunan ciwon nan kaɗaici.

Kada mu ɗauke shi ƙaramin abu. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman a kan wannan magana. Rahoton da suka fitar a 2025 ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin kowane shida a duniya yana fama da kaɗaici. Ya kuma nuna cewa kaɗaici da rashin cuɗanya da mutane suna ƙara haɗarin ciwon zuciya, da shanyewar ɓarin jiki, da ciwon sukari, da yawan mantuwa, da baƙin ciki mai kwantar da mutum.

A daidai waɗannan shekaru ne kuma jikin mace yake sākewa. Yawancin mata al'adarsu takan ɗauke tsakanin shekara 45 da 55. Zafi yakan taso wa mace farat ɗaya, ta yi gumi da dare, barci ya ƙi zuwa, ƙaramin abu ya ɓata mata rai. Macen da ba ta da wadda za ta gaya wa takan yi tsammani an yi mata sammu ne, har ta kashe kuɗinta wajen masu ruɗi. Amma wadda take da ƙawa da ta riga ta wuce wurin, za ta ji cewa halitta ce, ba aikin maƙiyi ba. Ƙawa mai hankali ce kuma za ta ce mata, "'Yar'uwa, wannan ba na zama ba ne, tashi in raka ki asibiti." Gama idan al'ada ta ɗauke shekara guda cur, sa'an nan jini ya sāke zuwa, ko kuwa mace ta ji ƙullutu a nononta, lalle ne likita ya duba ta ba tare da jinkiri ba.

Tafiya biyu cikin Littafi Mai Tsarki

Littafin Rut ya ba mu labarin Na'omi. Yunwa ta kai ta ƙasar Mowab tare da mijinta da 'ya'yanta biyu maza. Bayan wajen shekara 10, dukansu uku sun mutu. Ta tashi za ta koma Baitalami hannu wofi, ranta a ɓace, har ta ce a daina kiranta Na'omi, a kira ta Mara, wato mai ɗaci. Ku lura da abu biyu. Na fari, ba ta yi tafiyar nan ita kaɗai ba. Rut surukarta, wadda ba kabilarta ba ce, ba kuma tsararta ba, ta manne mata. Na biyu, matan Baitalami ne suka gane ta ranar da ta iso, su ne kuma suka kewaye ta da murna a ƙarshen littafin sa'ad da aka haifi Obida. Allah ya ta'azantar da Na'omi, amma ta hannun mata 'yan'uwanta ya yi shi.

Tafiya ta biyu tana cikin Luka sura 1. Alisabatu ta tsufa, ga shi ta sami ciki, ta ɓuya a gida wata biyar. Maryamu ta tashi daga Nazarat zuwa ƙasar tuddai ta Yahudiya, tafiyar da ta fi kilomita 100, kusan kamar daga Jos zuwa Bauchi, a zamanin da babu mota. Ba ta aika da saƙo ta zauna ba. Ta je da ƙafarta, ta zauna wajen wata uku. Tsohuwa ta sami mai taimako, yarinya kuma ta sami wadda ta gaskata maganarta. Kowace ta ci ribar ziyarar.

Yadda ake riƙe ƙawance

A ikkilisiyoyinmu Allah ya ba mu babbar kyauta, wato Zumuntar Mata. Ko a ECWA, ko COCIN, ko EYN, ko LCCN, ko sauransu, mun san aikinsu. Su ne na fari a gidan haihuwa, su ne na ƙarshe a gidan makoki. Ta wurin taron gunduma da taron shekara, mata da yawa sun ga garuruwan da ba su taɓa tsammanin za su taka ba. Har a duniya an san muryarsu, gama tsarin Ranar Addu'a ta Duniya na shekarar 2026, wadda akan yi ran Jumma'ar fari ta watan Maris, matan Nijeriya ne suka shirya shi.

Amma bari mu faɗi gaskiya. Mace tana iya ɗaura zanen zumunta, ta yi waƙa, ta buga tulu a tsakiyar mata 200, ta koma gida ba wadda ta san abin da yake cin zuciyarta. Taro dabam, ƙawa dabam. Saboda haka, Mama, ki nemi mata biyu ko uku waɗanda za ki iya buɗe musu cikinki. Ku sa rana, ko da sau ɗaya a mako, yau a gidan wannan, mako mai zuwa a gidan waccan. Ba sai an yanka kaza ba. Kunu da gyaɗa sun isa. In gidajen suna kusa, ku taka da ƙafa. Masana lafiya sun ce babba yana bukatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar. Tafiya zuwa gidan ƙawa ta biya bukata biyu ke nan.

Kada ki ce sai 'yar kabilarki. Rut Bamowabiya ce. Maƙwabciyar nan Musulma da kuka yi shekara 20 kuna kasa tumatir gefe da gefe, in rikici ya raba unguwanninku, neman ta da gaisuwa ba laifi ba ne, aikin salama ne. Kada kuma ki ce sai tsararki. A Titus sura 2 an ɗora wa tsofaffin mata aikin koya wa matasa zaman gida. Ba a koyarwar nan daga nesa, sai an shaƙu.

Abu ɗaya yake kashe ƙawance da sauri, shi ne gulma. Abin da 'yar'uwa ta gaya miki da hawaye, kada ya fito a taro da sunan roƙon addu'a. Ku kuma sa ido a kan gwauruwar da ba ta da kowa. Mun sani a waɗansu garuruwa, tsohuwar da take zaune ita kaɗai ita ake fara nuna wa yatsa da zargin maita in yaro ya yi ciwo. Tsohuwar da mata suke shiga gidanta kowane mako, da wuya a yi mata haka.

In tafiya ta yi nisa

Waɗansu cikin iyayenmu sun sami zuwa Urushalima, muna taya su murna. Amma ba sai an hau jirgin sama ba kafin a ce an yi tafiya. Ƙawarki ta makarantar firamare da take aure a Numan, ko Kaltungo, ko Kafanchan, shekara nawa rabonki da ita? Mata biyar suna iya yin adashi na musamman domin kuɗin mota, kowace shekara su ziyarci garin ɗaya daga cikinsu. In hali ya yi, su biya su ga aikin Allah da na mutane: gidan tarihi na Jos da aka buɗe a 1952, ko ruwan Assop da yake gangarowa daga dutse a hanyar Jos zuwa Akwanga, ko ruwan ɗumi na Wikki a dajin Yankari. Wadda ta yi shekara 30 tana dafa wa baƙi, ba zunubi ba ne ita ma ta zama baƙuwa na kwana uku.

Sai dai tafiyar babba tana son shiri. Kafin ki tashi, ki je a auna jininki. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ki ji shawarar ma'aikacin lafiya tukuna. Mai shan maganin hawan jini ko na sukari ta ɗauki wanda zai ishe ta har da ƙarin kwanaki, ta sa shi cikin jakar hannu, ba cikin kayan da za a ɗaure a bayan mota ba. Mai ciwon sukari ta riƙe ɗan abinci, gama mota tana iya lalacewa a daji.

Ku tambayi labarin hanya kafin ranar tafiya. Ku shiga mota a tasha inda ake rubuta sunan fasinja da lambar danginsa, kada ku tsaya a bakin titi domin ragin kuɗi kaɗan. Ku yi sammako, ku isa da rana, tafiyar dare ba ta zamanin nan ba ce. Ku tafi biyu biyu ko fiye. Lambar wayar ɗanki da ta wadda za ki sauka a gidanta, a rubuta miki su a takarda, domin waya tana mutuwa, tana kuma ɓata. Kuɗi kuma a raba shi wuri biyu.

Mata da yawa sukan ƙi shan ruwa a hanya domin kunyar tsayar da direba. Wannan yana jawo ciwon kai da jiri, yana kuma wahalar da ƙoda. Ki sha ruwa. Zaman da ya wuce awa huɗu ba motsi yana iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa. Saboda haka duk inda mota ta tsaya, ki sauka ki taka kaɗan, a cikin mota kuma ki riƙa motsa ƙafafunki. Mai zuwa Jos ko Pankshin a watan Disamba ko Janairu ta ɗauki rigar sanyi da bargo. Mai gangarawa daga kan dutse zuwa kwarin Binuwai kada ta manta da gidan sauro.

Magana ga maigida da 'ya'ya

Baba, in Mama ta ce za ta je gaishe da ƙawarta, kada ka ce wa zai dafa maka tuwo. Kwana uku ba za su kashe ka ba. Za ta dawo da fara'a, kai ne za ka fara moriyarta.

Ku kuma 'ya'ya, kun saya wa Mama waya, kun kyauta. Amma waya ba ta riƙe hannun mara lafiya, ba ta kuma cin abinci tare da mutum. Cikin kuɗin da kuke aika mata, ku ware na mota, ku ce, "Mama, wannan na ziyara ne." In kun kawo ta birni, ku tuna ba 'yar aiki kuka ɗauko ba. A makon fari ku nemo mata majami'ar da ake sujada da Hausa, ku kai ta wurin Zumuntar Mata, ku tambaya inda mutanen garinku suke taron wata. Ku faɗa mata ranar da za ta koma gida, ku kuma cika alkawari. Ku bar ta ta koya wa jikokinta harshenta, gama in ba ita ba, wa zai koya musu? Girmama iyaye da aka umarce mu ya haɗa da wannan duka.

Mama, kafin ki kwanta yau, ki tuna da mace ɗaya wadda kin daɗe ba ki gani ba. Ki yi mata addu'a da sunanta. Gobe ki nemi labarinta, ki sa ranar zuwa. Kada ki jira sai an aiko miki da labarin jana'izarta, gama a ranar nan kowa yakan sami kuɗin mota.

Ubangiji ya kiyaye fitarku da shigarku, ya ba iyayenmu mata ƙarfin ƙafa da abokan tafiya nagari. Sai mun sāke saduwa a shiri na gaba. Ku huta lafiya.