Gaskiyar da Ta Ƙi Sayuwa: Yadda Wasannin Kwaikwayon Tseren Mota Suka Ja da Baya a Kan Kwamfuta

A shekarar 1989, wani ƙaramin kamfani na ƙasar Amurka mai suna Papyrus ya fitar da wasan kwamfuta da ya kira Indianapolis 500: The Simulation. Kafin wannan lokaci, yawancin wasannin tseren mota ba su wuce hoton mota da ke gocewa dama ko hagu idan an danna maɓalli ba. Shi kuwa wannan, wanda David Kaemmer ya rubuta lissafinsa, motar cikinsa tana bin dokokin kimiyyar fiziya. Mai wasa na iya sauya yawan iskar taya da tsarin giya, ya kuma ga sakamakon abin da ya taɓa a kan hanya. A Ingila ma, Geoff Crammond, wanda fiziya ya karanta a jami'a, ya bi irin wannan turba da wasansa Formula One Grand Prix a 1991, sannan Grand Prix 2 a 1996.

Domin a fahimci abin da ya raba waɗannan da sauran wasanni, sai an dubi taya. Mota ba ta taɓa ƙasa sai ta wurare huɗu, kowanne bai wuce faɗin tafin hannu ba a motar yau da kullum. Tashi da tsayawa da shan kwana duk ta waɗannan wurare suke faruwa. Idan direba ya murɗa sitiyari, tayar ba ta bin daidai inda aka nuna mata; robar takan ɗan murɗe, sai a sami 'yar kusurwa tsakanin inda tayar ta fuskanta da inda take tafiya a zahiri. Daga wannan murɗewa ne ƙarfin da ke karkata motar yake fitowa. Ƙarfin yana ƙaruwa yayin da kusurwar ke ƙaruwa, har ya kai ƙololuwa a 'yan digiri kaɗan, daga nan sai ya fara raguwa, tayar ta soma sulɓi. Gwanin direba shi ne mai iya riƙe mota daf da wannan ƙololuwa ba tare da ya tsallake ta ba.

Ɗalibin da ya karanta darasin tafiyar da'ira zai tuna cewa idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da ake bukata don shan kwana ɗaya yakan ninka sau huɗu. Motar da ke gudun kilomita 200 a awa tana cin mita 55 da ɗoriya a kowace daƙiƙa. Saboda haka dole kwamfutar ta riƙa sake lissafa nauyin da ke kan kowace taya, da riƙonta, da motsin sifirin, sau da yawa ƙwarai a cikin daƙiƙa guda. Injiniyoyi sun daɗe suna fama da lissafin taya. Farfesa Hans Pacejka na Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan ya shahara da wata dabarar lissafi da ke zayyana halin taya, wadda masana'antun mota da masu rubuta wasanni da dama suka ci gajiyarta.

Da farko kasuwa ta yi kyau. Wasan NASCAR Racing da Papyrus ya fitar a 1994 ya sayu fiye da kwafi miliyan ɗaya. Amma a 1998 kamfanin ya fito da Grand Prix Legends, wanda ya kwaikwayi gasar Formula One ta shekarar 1967. Motocin wancan zamani ba su da fukafukan da ke danne mota ga ƙasa, nauyinsu bai wuce kilo 500 da 'yan kai ba, ga inji mai ƙarfin doki wajen 400. Papyrus bai sassauta kome ba. Wanda ya saba danne totur har ƙasa a wasu wasanni, a nan sai ya ga motarsa ta juya ta fuskanci inda ta fito tun a kwanar farko. Wasan yana son kwamfuta mai ƙarfi, yana son sitiyari da fedar birki na musamman, yana kuma son haƙurin makonni kafin mutum ya kewaya fili sau ɗaya lami lafiya. Masu sharhi sun yaba, masu saye kuwa suka juya baya. Abin da ya ba wasan daraja a idon mai kimiyya shi ne ya hana shi sayuwa, domin jikin direba na gaskiya yana jin motar na shirin sulɓewa ta kujera da bayansa, shi kuwa mai zaune a ɗaki ba shi da madogara sai ido da kunne.

A daidai lokacin ne kuma kishiya ta shigo gida. Gran Turismo, wanda ya fito a Japan a ƙarshen 1997 a kan PlayStation, akwatin wasa da ake jona wa talabijin, ya sayu fiye da kwafi miliyan 10. Yana da kamannin gaskiya, amma yana yafe kuskure, kuma ba ya bukatar na'ura mai tsada. Manyan kamfanoni suka ga inda riba take, suka karkata can.

Sai kuma batun lasisi, wanda bai shafi kimiyya ko kusa ba amma shi ya yanke hukunci. Ba a sa sunayen direbobi da motoci da filayen tsere na gaskiya a wasa sai da izinin masu gasar. Kamfanin Sony ya riƙe lasisin Formula One shi kaɗai daga 2003, Electronic Arts kuma ya kama na NASCAR. Grand Prix 4 na 2002 ya zama na ƙarshe a jerin wasannin Crammond. NASCAR Racing 2003 Season ya zama na ƙarshe ga Papyrus, wanda uwar kamfaninsa, Vivendi Universal, ta rufe a 2004. A cikin shekara biyu kacal, gidaje biyu mafi girma a wannan fanni sun bar fage.

Duk da haka, ja da bayan na kantuna ne, ba na masu sha'awa ba. Magoya bayan Grand Prix Legends sun ci gaba da ƙera masa sababbin filaye da motoci da hannunsu, suna tsere da juna ta intanet shekaru da yawa bayan an daina sayar da shi. Ƙananan kamfanoni suka cike giɓin: rFactor ya fito a 2005, Assetto Corsa na ƙasar Italiya a 2014. Shi kuwa Kaemmer, ya haɗa kai da attajiri John W. Henry, suka sayi lissafin da Papyrus ya bari, suka gina iRacing a kansa, aka buɗe shi ga jama'a a 2008. A maimakon neman mutum miliyan da zai sayi kwali sau ɗaya, sai suka nemi 'yan tsiraru masu naci da za su riƙa biyan kuɗin wata-wata. A 2020, lokacin da annobar korona ta rufe filayen tsere, direbobin NASCAR na ainihi sun yi gasa a cikin iRacing daga gidajensu, gidan talabijin na Fox kuma ya watsa ta kai tsaye ga masu kallo a Amurka.