Abin da ya dawo da gawo gonakin Matameye

Wani bincike da Mahamane Larwanou da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya kiyasta cewa itatuwa sun sake rufe kimanin hekta miliyan ɗaya a Magaria da Matameye da Mirriah, cikin jihar Damagaram. Akasarinsu gawo ne, kuma ba dashe ba ne. Tohon da ya fito da kansa manomi ke zaɓa, ya rage masa rassa, ya kare shi daga bakin garma. Shi ne ake kira sassaben zamani.

Farin 1973 da na 1984 sun koya wa mutane darasi, amma a ganina matsi ne ya fi yin aiki. Jama'a ta yi yawa, jeji ya ƙare, babu sauran saurar da za a bari ta huta. Wanda ya rasa dajin da zai je sai ya reni daji a gonarsa. Gawo kuwa ya dace da wannan bukata: yana kakkaɓe ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta danne gero, ganyen da ya zuba ya zama taki. Da rani, lokacin da harawa ta yi tsada, 'ya'yansa da ɗanyen ganyensa ke riƙe awaki da tumaki. Rassan da aka rage kuma sun sauƙaƙa wa mata neman itacen girki.

Sai batun mallaka. Muddin itace na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na cin tara, manomi bai ga dalilin wahala a kansa ba. Da wannan riƙo ya sassauta, aka kuma yi dokar daji ta 2004, hannu ya saki.

Nan ne kuma rigimar take. Makiyayin da burtali ya ƙuntace masa yana ganin ganyen gawo kyautar Allah ce, manomin da ya yi shekaru yana reno yana ganin gumin kansa. Ana sassare bishiya cikin dare, kuma gawon da aka yi wa mugun sara yakan daina 'ya'ya na wani lokaci. Dokar watan Yulin 2020 ta amince da haƙƙin wanda ya reni itace, sai dai takarda ba ta gadin gona. Wannan aiki yana hannun masu gari da kwamitocin ƙauye, kuma kwamitin da ba a sa makiyaya a ciki ba, da wuya ya hana sara.