Hoton Maganaɗisu da Abin da Ya Bayyana Game da Ciwon Zuciya

Zuciya tsoka ce mai ɗakuna huɗu, tana bugawa wajen sau 100,000 a kowace rana. Ɗakin hagu na ƙasa shi ne mafi ƙarfi, domin shi yake tura jini zuwa ga dukan jiki. A kowane bugu, lafiyayyar zuciya takan fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin 100 na jinin da ke cikin wannan ɗaki, kuma da wannan awo likitoci suka daɗe suna gane ƙarfinta. Amma bincike ya nuna cewa tsokar zuciya tana iya soma raunana tun wannan awo bai sauya ba, tun mai ita bai ji kome ba. Ɗaya daga cikin na'urorin da suka bayyana haka ita ce na'urar hoto ta maganaɗisu, wadda likitoci ke kira MRI.

Yadda na'urar take aiki

Fiye da rabin jikin mutum ruwa ne, a cikin ruwa kuwa akwai ƙwayoyin haidurojin. Idan mutum ya kwanta cikin na'urar, wani ƙaƙƙarfan maganaɗisu yakan jera waɗannan ƙwayoyi su fuskanci waje guda. Sa'an nan a aika musu da igiyar rediyo ta karkatar da su. Yayin da suke komawa yadda suke, sai su mayar da amsa, kwamfuta kuma ta juya amsar ta zama hoto. Ba a yin amfani da hasken eksire ko kaɗan. Paul Lauterbur na Amurka ne ya bayyana hanyar a 1973, Peter Mansfield na Jami'ar Nottingham ta Ingila ya inganta ta, aka ba su lambar yabo ta Nobel tare a 2003.

Awon motsin tsoka

Zuciya idan ta buga takan gajarta daga sama zuwa ƙasa, ta tsuke a kewaye, bangonta ya ƙara kauri, kuma ta murɗe kamar yadda ake murɗa jiƙaƙƙen zane wajen matse wanki. A 1988 Elias Zerhouni da abokan aikinsa na Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka gano dabarar shata layuka a kan tsokar zuciya da igiyar rediyo, ba tare da an taɓa ta ba. A 1989 Leon Axel da Lawrence Dougherty suka faɗaɗa dabarar, har layukan suka iya fitowa gida-gida kamar gidajen dara. Da zuciya ta buga sai layukan su tanƙware tare da tsokar, a auna yadda kowane sashe ya motsa. Lafiyayyen sashe yakan tsuke da kamar kashi 20 cikin 100. Wanda ya raunana ba ya kai haka, ko da sauran sassan sun rufa masa asiri da ƙarin aiki.

Abin da bincike ya nuna

A shekarar 2000 aka soma wani babban bincike a wurare shida na Amurka. An ɗauki maza da mata 6,814, masu shekara 45 zuwa 84, waɗanda ba a san su da ciwon zuciya ba, aka yi wa dubbai daga cikinsu wannan hoto. An tarar cewa a wajen masu hawan jini da masu shan taba tsokar ba ta tsukewa yadda ya kamata, alhali kuwa suna ganin kansu lafiya lau. Da aka bi su shekaru, sai aka ga waɗanda tsukewar tsokarsu ta ragu sun fi sauran kamuwa da gazawar zuciya.

Bugu da ƙari, na'urar tana nuna tabo. Akan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai suna gadoliniyam, wanda yakan daɗe a inda tsoka ta mutu, sai wurin ya fito fari a hoto. A 2000 Raymond Kim da abokan aikinsa suka nuna cewa idan tabon ya ci yawancin kaurin bango, da wuya wurin ya farfaɗo ko an buɗe jijiyar da ta toshe. Idan kuwa tabon kaɗan ne, akwai kyakkyawan zaton warkewa. Da wannan likita yake sanin wanda aiki zai amfana.

Abin da majiyyaci zai kiyaye

Hoton yakan ɗauki minti 45 zuwa sa'a guda. Na'urar tana da ƙara, amma ba ta da zafi, kuma akan umarci mutum ya riƙe numfashi na ɗan lokaci. Lalle ne ya cire duk wani ƙarfe kafin ya shiga ɗakin. Wanda aka sa wa na'urar daidaita bugun zuciya, ko mai ɓarɓashin ƙarfe a jiki, ko mai ciwon ƙoda, ko mace mai ciki, wajibi ne su sanar da likita tun da fari.

Darasi ga jama'a

Wannan na'ura tana da tsada, a manyan asibitoci kawai ake samunta, kuma ba kowane majiyyaci ne yake bukatarta ba. Sau da yawa hoton zuciya na amsa-kuwwa, watau eko, yakan wadatar. Abin da ya shafi kowa shi ne darasin binciken: ɓarna takan fara cikin zuciya a ɓoye. Hawan jini shi ne kan gaba wajen jawo gazawar zuciya a ƙasashen Afirka na kudu da Sahara, awonsa kuwa ba ya wuce minti biyar a ƙaramin asibiti. Wanda awonsa ya kai 140 bisa 90 a lokuta dabam-dabam ya ga likita, ya riƙa shan maganinsa ko da yana jin sauƙi. Kada gishirin da babba zai ci a rana ya kai giram 5, watau kamar cikin ƙaramin cokali, kuma a bar shan taba. Mai fama da haki, ko kumburin ƙafafu, ko kasa kwanciya rigingine saboda numfashi, musamman mai jego, a kai shi asibiti ba tare da jinkiri ba. Riga-kafi ya fi magani.