Maganin Gajiyar Likitoci

Kowa ya san aikin likita shi ne duba marasa lafiya. To, in shi likitan ya gaji, wa zai duba shi? Ba irin gajiyar da barcin dare ɗaya ke kawarwa mu ke nufi ba. Akwai wata wadda ta kan shiga zuciya sannu sannu, har mutum ya wayi gari ba ya marmarin aikinsa. Majiyyaci ya zauna gabansa, sai ya gan shi kamar lamba a takarda. Shi kansa kuma ya riƙa ganin duk wahalar da ya ke sha ba ta tsinana kome.

A 1974 wani masanin halayen mutane a birnin New York, Herbert Freudenberger, ya kira wannan abu da kalmar da ke nufin ƙonewa ƙurmus, kamar fitilar da manta ya ƙare. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba cuta ba ce, larura ce wadda wurin aiki ke jawowa.

Cikin dabarun da aka gwada akwai haɗa likita da mai horo, kamar yadda 'yan ƙwallo su ke da nasu. Mai horon nan ba ya koya wa likita magani, ba ya kuma ba shi umurni. Tambaya ce aikinsa. Ya kan ce, "Me ya fi cinye maka lokaci? Wane aiki za ka iya miƙa wa wani? Yaushe rabonka da cin abinci da iyalinka?" Likitan ne da kansa zai nemo amsa, in sun sake ganawa ya faɗi abin da ya aikata.

An gwada wannan a asibitin Mayo na Amurka, aka buga sakamakon a 2019. Dokta Liselotte Dyrbye da abokan aikinta suka sami likitoci 88, suka raba su kashi biyu da ƙuri'a. Kashi ɗaya suka yi magana da mai horo ta wayar tarho sau 6 cikin wata 5, jimla sa'a 3 da rabi kacal. Ɗaya kashin kuwa aka bar su yadda su ke. Da aka sake auna su, sai aka tarar masu alamun ƙonewa sun ragu da wajen 17 cikin 100 a kashin farko, a kashi na biyu kuwa sun ƙaru da wajen 5 cikin 100.

Ga ɗan lokacin da aka ɓatar, wannan ba ƙaramar riba ba ce. Amma kada mai karatu ya zaci shi ke nan. A gwajin nan gajiyar zuciya ce ta ragu. Ko-in-kula da majiyyata da jin daɗin aiki ba su sake sosai ba. Mai horo kuwa ba shi da ikon rage yawan marasa lafiya da ke jira a bakin ƙofa, balle rubuce-rubucen kwamfuta da ke bin likita har gida da dare. Waɗannan suna hannun shugabannin asibiti.