Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Darasin Gobarar Apollo 1

Duk mai bin bidiyon harba roka a TikTok ko YouTube ya san yadda abin ke burgewa. Amma kafin a kai ga wutar nan da hayaƙi, akwai tambayar da injiniyoyi ke fara yi tun kumbon yana kan takarda: in abu ya ɓaci, ta ina mutanen ciki za su tsira? Hukumar NASA ta Amurka da jini ta koyi muhimmancin wannan tambaya.

Ranar 27 ga Janairun 1967, 'yan sama jannati uku, Gus Grissom da Ed White da Roger Chaffee, suka shiga kumbon Apollo 1 a Cape Kennedy da ke jihar Florida. Gwaji ne kawai a ƙasa, ko mai ba a zuba wa rokar ba. Sai wuta ta tashi, ana kyautata zaton daga wayoyin lantarki. Dukkansu suka rasu.

Me ya jawo? An cika ɗakin da zallar iskar oksijin mai matsi, wadda ke sa komai ya ci wuta kamar fetur. Ga kayan nailan da Velcro birjik a ciki. Ƙofar kuma ta ciki take buɗewa, da zafi ya ƙara matsin iska, sai ta ƙi motsi sam.

Abin lura, kowane zaɓi yana da hujjarsa. Zallar oksijin tana rage nauyin kumbo. Ƙofar da ba ta fashewa waje kuwa ta biyo bayan abin da ya faru a 1961, lokacin da ƙofar kumbon Grissom ta fita da kanta a teku, kumbon ya nutse. Haɗuwarsu wuri guda ce ta zama ajali.

Bayan gobarar, aka sake zane: ƙofa mai buɗewa waje cikin daƙiƙu kaɗan, kayan da ba sa kama wuta, da cakuɗa oksijin da naitirojin yayin da ake ƙasa. A Yulin 1969 Apollo 11 ta sauka a duniyar wata.

Don haka matashi, in kana haɗa sola, ko ƙera jirgi marar matuƙi, ko rubuta manhaja, zauna ka jero abubuwan da za su iya lalacewa tun kafin ka sayi waya ko ɗaya. Gyara a takarda biro kawai yake ci.