Gani Ya Kori Ji: Ziyarar Jami'a Kafin Neman Gurbi

Duk shekara, idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, gidaje da dama kan zaɓa wa 'ya'yansu jami'ar da babu wanda ya taɓa taka ƙafa cikinta. Suna aka ji, ko hoto aka gani a waya. Wannan cinikin biri ne a sama, alhali abin da za a miƙa amana ce: yaro ko yarinya da za su shafe shekara huɗu ko biyar, masu karatun likitanci kuwa shida, nesa da idon iyaye.

A ɗauki Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962. Mai jin sunanta daga nesa zai zaci wuri guda ce. Babbar harabarta tana Samaru, tsangayar shari'a tana Kongo, ɗaliban likitanci kuma a asibitin koyarwa na Shika suke ƙarasa horonsu. Haka Jami'ar Bayero take da tsohuwar haraba da sabuwa a kan titin Gwarzo. Wanda bai san inda sashensa yake ba zai iya kama ɗaki a inda kuɗin mota zai cinye guzurinsa.

Lokacin da ya fi dacewa a je shi ne ana tsakiyar karatu, domin a lokacin hutu gine-gine kawai za a gani. A fara da sashen da ɗalibi yake nema. A tambayi darussan da ake buƙata a WAEC ko NECO, da waɗanda za a haɗa a jarrabawar JAMB, domin kuskure guda a nan kan jawo asarar shekara. A kuma tabbatar hukumar NUC ta amince da kwas ɗin. Likitanci yana buƙatar amincewar majalisar MDCN, injiniyanci kuma ta COREN.

Daga nan sai masauki. A leƙa ɗakin kwana, a ga mutum nawa ne a ɗaki, ina ake samun ruwa, ƙarfe nawa ake rufe ƙofa. A Samaru, zaurukan Amina da Ribadu na mata ne, kuma uwa ko yaya ta fi kowa sanin abin da za ta duba a can. Gadaje ba sa isar kowa, don haka a zaga unguwannin da ɗalibai ke haya, a ji farashi, a kuma lura da tsaro bayan magariba.

Idan azahar ta yi, a yi salla a masallacin harabar. A nan mai ziyara zai haɗu da 'yan ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta MSSN, wadda aka kafa a Legas a 1954. A tambaye su karatuttukan da ake gabatarwa da malaman da ke yin su. Matashin da ya bar gida abokai ne ke zama danginsa, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Hattara da masu tare baƙi a bakin ƙofa suna alkawarin gurbi idan an ba su kuɗi. Gurbin gaskiya ta manhajar CAPS ta JAMB yake fitowa, sayensa kuwa cin hanci ne, ba a gina ilimi mai albarka a kansa.

Bayan an dawo gida, a zauna da yaron a ji abin da idonsa ya gani, a yi shawara, a yi istihara, sannan a cike takarda. Kuɗin motar yini guda bai kai nadamar shekara huɗu ba. Allah Ya ba 'ya'yanmu ilimi mai amfani, Ya haɗa su da abokan kirki.